Ƙurajen fuska sun hana 'yata shiga mutane, ina neman shawara

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na zo da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya dube ta da idon basira. 'Yata mai shekara 17, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, tana fama da ƙurajen fuska tun da ta fara girma, amma a bana abin ya tsananta, domin manya ne masu zafi suke fito mata a kumatu da haɓa, kuma duk wanda ya baje sai ya bar baƙin tabo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda halinta ya sauya. Yarinyar da a da take kan gaba a Islamiyya yanzu sai an yi da gaske take fita, ta daina zuwa biki da suna, idan baƙi suka yi sallama sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa, kuma da maganar rajistar JAMB ta taso, hoton da za a ɗauke ta shi ne ya sa ta kuka. Wata maƙwabciyarmu ta ce akwai mai haɗa mai a kasuwa da ke share fuska cikin mako guda. Kafin in kashe kuɗi ina son in ji daga waɗanda suka san abin, game da maganin da kuma yadda zan yi da zuciyar yarinyar.

Alhaji na Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ƙurajen balaga ne, kuma babu wanda bai yi su ba a cikinmu. Na koyar a makarantun sakandare na tsawon rayuwata ta aiki, na ga yara maza da mata da fuskokinsu suka cika da ƙuraje, suka girma, abin ya wuce kamar ba a yi ba. Ki hana ta cin gyaɗa da ƙuli-ƙuli da soye-soye, ta riƙa wanke fuska sosai, sannan ki rage mata riƙon waya, domin a ganina yawan kallon hotunan matan da aka gyara wa fuska da na'ura shi ne yake sa yaran yanzu su raina halittarsu. A zamaninmu ba a zaman ɗaki saboda ƙurji.

Ɗaliba daga Kongo:
Baba, Allah Ya ƙara girma, ina neman afuwa idan na saɓa muku a wani ɓangare. Gaskiya ne ƙurajen sukan wuce ga mutane da yawa, amma ni na haura shekara ashirin, ina karatun shari'a, kuma har yau ina tare da su. Abin da wanda bai ɗanɗana ba yake kasa ganewa shi ne fuska ba a iya ajiye ta a gida. Mai ciwo a ƙafa yana rufewa da zane, mai ƙuraje a fuska kuwa da su yake gaisawa da kowa, da su yake tsayawa gaban aji, da su yake shiga motar haya daga Kwangila zuwa Samaru, inda wata baiwar Allah da ba ta taɓa ganinsa ba za ta juyo ta ce, "Me ya same ki a fuska haka?" sannan ta lissafo magunguna a gaban duk fasinjoji.

Akwai lokacin da nake zaɓar kujerar ƙarshe a aji ko da na san amsar tambayar da malami ya yi, saboda ba na son idanu su juyo kaina. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar gida: gwaggo ta ce ƙazanta ce, yayye su laƙaba wa mutum suna, wata ta ce wa zai auri fuska irin wannan. Ana faɗa da wasa, amma mai abin yana kwana da shi. Mama, idan 'yarki tana rufe ƙofa, ina kyautata zaton ba taurin kai ba ne, ta gaji ne da jin sharhi a kan fuskarta. Abu na farko da zai taimake ta, tun kafin magani, shi ne ki hana kowa a gidan yin maganar fuskarta sai idan ita ta ɗauko zancen.

Famasis daga Samaru:
Ina gaida kowa. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma wannan matsala tana cikin abubuwan da aka fi kawo mini, don haka zan ɗan tsawaita.

A ƙarƙashin fata akwai ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo ta ramukan gashi. Idan yaro ko yarinya suka kai balaga, sinadaran jiki da ake kira androjin suna ƙaruwa, sai maiƙon ya yawaita, ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ramin. A cikin wannan toshewa ne wata ƙwayar bakteriya da dama take zaune a fatar kowa take samun wurin hayayyafa, daga nan sai kumburi da zafi da mugunya. Ko baƙin ɗigon nan da ake gani a hanci ba datti ba ne, maiƙon ne ya yi baƙi da ya haɗu da iska. Saboda haka ina roƙon Baba ya yi mini uzuri: yawan wanke fuska da dirza ta da soso yana ƙara fusata fata ne. Sau biyu a rana da sabulu mara ƙarfi ya wadatar, kuma alwala ba ta cutarwa tun da ruwa ne zalla. Game da abinci, binciken da aka yi ya fi nuni ga yawan sukari da kayan fulawa da lemon kwalba, da kuma madara ga wasu mutane. Gyaɗa ba ta cikin abubuwan da aka tabbatar, amma idan mutum ya lura tana tayar masa, babu laifi ya rage. Kuma yarinyar ba ita kaɗai ba ce: ƙiyasin da likitocin fata suka fi ambata shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin ƙurajen, sannan babban nazarin cututtukan duniya na 2010 ya sa su a matsayi na takwas cikin cututtukan da suka fi yawa a tsakanin 'yan Adam.

Ga ƙuraje masu sauƙi akwai magunguna biyu na shafawa da aka daɗe da sanin amfaninsu. Na farko shi ne benzoyil feroksayid, mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5, wanda ke kashe ƙwayar cutar, sai dai yana koɗar da launin tufafi, don haka a kiyaye hijabi da rigar filo da tawul. Na biyu shi ne adafalin mai ƙarfin kashi 0.1, wanda ke buɗe ramukan da suka toshe. Da dare ake shafa shi, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga duk fuskar, a baza shi a ko'ina ba a kan ƙurji kaɗai ba. A makonnin farko fata tana bushewa tana ɗan saɓa, balle a hunturun Zariya, shi ya sa ake farawa da tsallake rana guda kuma a haɗa da man shafawa mara nauyi. Inda mutane suka fi karaya shi ne lokaci: ba a ganin sauyi na kirki kafin mako 6 zuwa 8, kuma ba a yanke hukuncin cewa magani bai yi ba sai an kai mako 12.

Amma Hajiya, yadda kika siffanta na 'yarki, manya masu zafi da ke barin tabo, ya wuce abin da za a tsaya a kemis. Ki kai ta asibiti, idan da hali a tura ku ɓangaren likitocin fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Likita na iya haɗa mata da ƙwayar doksisaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha, na kimanin wata uku, ko kuma idan abin ya yi tsanani ya duba yiwuwar isotiretinoyin, wanda yake da ƙarfi ƙwarai amma ba a shan sa sai a hannun ƙwararre, domin yana nakasa jaririn da ke ciki. Wannan gargaɗi yana da muhimmanci a wurinmu, inda yarinya kan gama sakandare a ɗaura mata aure ba da jimawa ba. Mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki ba ta amfani da adafalin ko doksisaikilin ma.

Anti mai gyaran amare, Sabon Gari:
Maman Khalifa, don girman Allah kada ki sayi wannan haɗin man. Sana'ata dilka da gyaran jikin amare, kuma idona ya ga abin da ya ishe shi. Yarinya za ta zo saura 'yan makonni biki, fuskarta ta yi haske fiye da wuyanta, fatar ta yi sirara har ana hango jijiyoyi, ga wasu ƙananan ƙuraje iri ɗaya sun feso a goshi da kumatu, wata ma har nankarwa ta fito mata a hammata da cinya. Idan na tambaya, labarin ɗaya ne: ƙuraje ne suka dame ta, aka ba ta wani mai a roba ba suna ba takarda, mako na farko fuska ta yi sumul kowa yana yabawa, daga baya kuma ranar da ta daina sai fuskar ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ƙurajen su dawo fiye da na farko, dole ta koma ta sake saya. Mafi yawansu ba farin fata suka je nema ba, baƙin tabon suke son gogewa, a haka suka faɗa bilicin ba su sani ba.

Ni kaina ba na dirza dilka a fuskar da ƙuraje suke ɗanye, ko uwar amarya ta matsa mini, saboda na ga yadda take barin tabo. Haka kuma ina hana su lemon tsami da man goge baki da kanwa, waɗanda duk ƙona fata suke yi.

Famasis daga Samaru:
Abin da Anti ta bayyana shi ne ainihin illar sinadarin sitiroyid. Galibin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da kilobetasol ko betametason, magunguna ne na gaske da aka yi domin wasu cututtukan fata na ɗan lokaci, kuma da yake suna kwantar da kumburi nan take sai a zaci waraka ce. Man nan da ake ce wa mai aiki uku, wanda ake saya a kemis ba takardar likita, shi ma yana da sitiroyid a ciki. Wasu kuma suna zuba haidurokwinon, sinadarin da ke haskaka fata, wanda idan aka daɗe ana shafa shi yana haifar da wani baƙi mai duhu a kumatu da ke da wuyar magani, wasu har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Duk wadda ta riga ta daɗe tana shafa irin wannan mai, ta je likita ya tsara mata yadda za ta janye a hankali, domin yankewa farat ɗaya ne ke kawo tashin da Anti ta ambata.

Hajiya ta Hanwa:
Ni shawarata mai sauƙi ce. A saya mata niƙabi ta riƙa sawa, ta samu lada ta kuma huta da idon mutane, kafin Allah Ya kawo sauƙi.

Ɗaliba daga Kongo:
Hajiya, na fahimci alherin da kike nufi, kuma niƙabi abu ne mai daraja ga wadda ta sa shi domin Allah. Tsorona shi ne idan aka miƙa wa yarinya shi a matsayin maganin ƙuraje, saƙon da zai isa zuciyarta shi ne iyayenta ma sun yarda fuskarta abin ɓoyewa ce. Ina da ƙawayen da suka ci gaba da sa takunkumin fuska bayan korona ta lafa, ba don tsoron cuta ba, kuma da suka saba sai cire shi ya zame musu tashin hankali. Ban da haka, a zafin bazara gumi da gogar yadi suna ƙara ƙurajen, don haka masu sa niƙabi dama ya kamata su riƙa wanke shi a kai a kai kuma su zaɓi yadi mai shan iska.

Malama nas, Wusasa:
Ina so in tsaya a kan ɓangaren da Maman Khalifa ta ce ya fi damun ta, domin a asibiti mun saba ganin an kawo fata an bar zuciya a gida. Likitocin fata da na ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa masu ƙurajen fuska sun fi sauran tsaransu faɗawa cikin ciwon damuwa da fargaba, kuma nauyin da mutum yake ji a ransa ba ya bin yawan ƙurajen. Wata tana da 'yan kaɗan amma sun hana ta barci, wata fuskarta ta cika amma tana harkokinta. Saboda haka kalmar "ai naki ba su da yawa" ba ta lallashi, tana nuna wa yarinya ne cewa ba a ji kukanta ba.

'Yar'uwa, ki samu lokacin da babu kowa, ki zauna da ita ba tare da kin kalli fuskar ba, ki tambaye ta abin da ake ce mata a makaranta da Islamiyya, ki saurara har ta gama ko da ta yi kuka. Kada ki yi alƙawarin za su ɓace kafin Salla, ki ce mata dai akwai magani, yana ɗaukar watanni, kuma tare za ku je. Ki ba ta dama ta yi wa likita bayani da bakinta. Sannan ki sa ido a kan wasu alamu: idan baƙin cikin ya zarce mako biyu kusan kullum, barcinta ko cin abincinta ya sauya, karatunta ya ja baya, ta daina jin daɗin abin da take so a da, to a faɗa wa likita wannan ma, domin ciwo ne da ake magancewa. Idan kuwa ta taɓa furta cewa gara ta mutu ko rayuwa ba ta da amfani, kada a ɗauke shi maganar yarinta, a kai ta asibiti a ranar.

Akwai kuma abin da ya shafi mata kaɗai. Idan ƙurajen sun fi yawa a haɓa da muƙamuƙi, al'adarta tana tsallake watanni, ga gashi yana fitowa a gemu ko ƙiba tana ƙaruwa, a sanar da likita, saboda yana iya zama rikicewar sinadaran ƙwan mace, kuma maganinsa daban ne.

Alhaji na Ƙofar Doka:
Na karanta bayanan Malam famasis da Malama, kuma na ƙaru a kan batun dirza fuska da man kasuwa. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da abu guda: idan muka nuna wa yaro cewa duk abin da ya same shi a jiki babban bala'i ne, muna raunana shi. Duniya ba za ta daina magana ba, dole a koya wa yarinyar nan ta ɗaga kai ta shiga mutane da ƙurajenta, ta je ta ɗauki hoton jarrabawarta, domin jami'a sakamako take dubawa.

Malam na Gyallesu:
Alhaji, maganarku ta ƙarfafa zuciya tana kan hanya, sai dai haƙuri ana koya wa wanda aka cutar ne tare da hana mai cutarwar. A cikin Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah Ya hana maza su yi wa maza izgili, Ya hana mata su yi wa mata, Ya kuma hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Wanda ya kira yarinya da suna saboda fuskarta ya shiga ƙarƙashin wannan hani, ko da yayanta ne, ko da da wasa ya yi. Mu malaman Islamiyya muna da alhaki a nan, domin sau da yawa a gabanmu ake yi mu kau da kai. Neman magani kuma ba raina halitta ba ne, ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Hajiya, ki samu malamar ajinsu a keɓe ki sanar da ita, ba tare da an tara yara an yi wa'azi da sunan 'yarki ba, don hakan zai ƙara tona ta.

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na fasa maganar man kasuwa, na kuma yi wa mahaifinta bayani, ya amince mu je asibiti, kuma shi da kansa ya ja wa yayyenta kunne. Baba Alhaji, hoton za ta je ta ɗauka in Allah Ya yarda, ni zan raka ta. Tambayar da ta rage mini, wadda ita ma ta sa in yi, ita ce baƙin tabon da ya riga ya zauna: shin yana tafiya, ko shi ke nan?

Famasis daga Samaru:
Hajiya, tabon iri biyu ne. Baƙin da yake shafe, wanda idan an shafa hannu ba a jin rami ko tudu, launi ne da fata irin tamu take tarawa a duk inda ta yi kumburi, kuma yana dusashewa da kansa, sai dai yana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Abin da ke hanzarta shi shi ne a hana sababbin ƙuraje fitowa, a daina matsa su da farce, a kuma kare fuska daga rana, domin rana tana ƙara masa duhu, kuma man kariya daga rana yana da amfani ko ga baƙar fata. Adafalin yana taimakawa a kan wannan tabo, haka ma wani mai da ake kira azelayik asid, wanda likita zai iya rubuta mata. Tabon da ya lotsa ya zama rami, ko wanda ya taso ya yi tudu, ba ya tafiya da shafa mai, yana buƙatar aikin likitan fata, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a jinkirta kai masu manyan ƙuraje asibiti.

Ɗan'uwanku daga Palladan:
Ina bin wannan muhawara tun farko ban ce komai ba, saboda a wurinmu maza maganar ta fi wuyar fita. Idan saurayi ya ce ƙuraje sun dame shi sai abokai su ce yana abu kamar mace, shi ya sa muke yin shiru, amma na san waɗanda suka daina zama a majalisa, da wanda ya ɗage zuwa gaishe da iyayen yarinyar da yake nema, duk saboda wannan. Malam famasis, nawa sun fi yawa a gemu bayan aski da kuma ƙeya, na ƙeyar har sun fara tauri suna haɗewa. Shin magungunan da ka lissafa za su yi mini?

Famasis daga Samaru:
Ɗan'uwa, na gode da ka fito da maganar, domin samari suna yin manyan ƙuraje masu barin tabo ƙwarai, amma su ne suka fi jinkirin zuwa asibiti. Abin da ka siffanta ya fi kama da wata matsala daban. Na gemu yawanci gashi ne mai murɗewa yake komawa cikin fata bayan an aske shi da reza, kuma yana raguwa idan aka koma rage gemu da injin aski ba tare da an kai shi ƙasa ba. Na ƙeya masu tauri kuwa suna iya zama tabo mai tudu da ke hana gashi fitowa a wurin, kuma sun fi jin magani tun suna ƙanana. Ka gaya wa mai askinka ya daina kankare maka ƙeya, kada ka bari a tsaga su ko a ƙona su da wani abu, ka rage sa riga mai wuyan da ke gogar wurin, sannan ka je likitan fata ya duba kafin ka shafa komai.